Yadda Angama Ya Kwance Unguwa da Niyya

Duk unguwar babu mai iya tuna ranar da aka daina kiran kafintan da sunansa na gaskiya. Angama ake ce masa, domin duk aikin da ka kai masa, tun kafin ka rufe baki zai bugi ƙirji ya ce, "An gama." Daga ranar kuma sai ka nemi takalmi mai ƙwari, don ka shiga zirga-zirga ke nan. Ba wai bai iya aiki ba ne. Idan Allah ya sa ya kama guduma, teburin da ya haɗa sai jikoki sun gada. Matsalar ita ce bakinsa ya fi hannunsa sauri, kuma bakin ba ya zuwa hutu.

Abu biyu yake taƙama da su a duniya: fensirin da ke maƙale a kunnensa, da zaman mahaifiyarsa a gidansa. Tun rasuwar babansa Inna take wurinsa, ƙanwarsa ta yi roƙon duniya a ba ta ita, ya ce sam, shi ne babba. Ba a yin hira a teburin mai shayi ba tare da ya sako zancen ba. "Ni fa albarka a cikin gidana take kwana," haka yake cewa, yana kallon waɗanda iyayensu ke nesa.

Inna kuwa gwiwoyinta sun daɗe da ƙin ruku'u, a zaune take salla. Tana da wata 'yar kujera ta katako wadda marigayi mijinta, shi ma kafinta, ya haɗa mata da hannunsa. Ƙafa ɗaya ta fara girgiɗi. Wata uku tana faɗa wa ɗanta, wata uku yana ce mata an gama.

Wata Asabar bayan la'asar Liman ya zauna karantarwa a kan niyya. Ya yi bayani mai kyau: cin abinci, barci, fita neman halal, duk suna komawa ibada idan mutum ya yi su don Allah. Angama bai ji wannan ba, ya jingina da ginshiƙi yana gyangyaɗi. Allah ya tashe shi daidai inda Liman ke cewa wanda ya yi niyyar alheri bai samu ya aikata ba, za a rubuta masa lada. Ya zabura ya gyara hula. Sauran bayanin bai shiga kunnensa ba, don tuni kansa ya ɗauki zafi.

Washegari mai shayi ya leƙa shagon, ya tarar da shi kwance a kan ƙyauren wani da aka kawo gyara tun bara, hannaye a ƙirji, ido a rufe, leɓe yana motsi.

"Lafiya, Angama? Zazzaɓi ne?"

"Aiki nake yi."

"Wane aiki?"

"Yanzun nan na gina rijiya biyu, ina kan hanyar gaida marasa lafiya a asibiti ka katse ni. Ku kuna can kuna gumi a banza. Ni daga nan kwance na wuce ku, ko ƙurata ba za ku hango ba."

"To idan ka kai asibitin ka tsaya su duba ka," in ji mai shayi, ya koma wurin tukunyarsa.

Da niyyar ta tsaya a zuciya, da babu wanda ya cutu. Amma a wurin Angama, alherin da ba a ji labarinsa ba kamar teburin da ba a shafa wa fenti ba ne. Kwana uku yana bin layi yana sanar da jama'a abin da ya niyyata: ya tufatar da marayu, ya shimfiɗa titi, ya kai tsofaffin unguwa umara, duk kafin azahar. Maganar ta kai kunnen Liman. Ya ja shi gefe a ƙofar masallaci, cikin lalama.

"Malam kafinta, ba haka na ce ba. Niyyar gaskiya tana da alama. Mutum ya ƙudurta don Allah, ya tashi ya fara, sai wani abu ya sha gabansa. Wannan shi ne..."

"Ya fara," in ji Angama, idonsa ya kawo haske. "Allah gafarta Malam, an gama."

"Tsaya, ban ƙarasa ba."

Ina, ya riga ya saka takalmi. Liman bai san abin da ya kunno ba, domin a sana'ar kafinta farkon gyara shi ne kwancewa. Ka zare abin da ya lalace, ka tafi da shi shago a matsayin samfur, ka yanka sabo daidai da shi. Wannan mataki na farko Angama ya ƙware a kansa tun yana saurayi, na biyun ne bai cika saba da shi ba.

Da Inna ya fara, wai alheri daga gida yake tashi. Ya shiga ɗakinta da guduma, ya kifar da kujerar, ya buge ƙafar mai girgiɗi ta fita, ya soka ta a hammata.

"Inna, ki shaida, na yi niyyar gyara miki kujera."

"To da me zan yi magariba?"

"Kafin magariba an gama."

Magariba ta zo, a kan bokiti kife Inna ta yi ta. Haka isha, haka asuba, haka sati guda.

Shi kuwa ya faɗa unguwa da tef ɗin awo. Bencin mai shayi yana ɗan kuka idan an zauna, ya zare masa katakon tsakiya. Da safe mutum huɗu suka zauna da kofunansu, bencin ya lotsa a hankali kamar mai gaisuwa, suka gangaro tsakiya suka haɗu, shayi a cinya, burodi a ƙasa. Ya wuce shagon mai aski, ya ce kujerar askin tana karkata hagu, ya cire mata ƙusoshin baya ya zuba a aljihu. Wani direba mai ƙiba ya zo aski, an kai rabin kai ya jingina, sai ga tafin ƙafarsa yana kallon silin. Injin askin ya bi ta kan girarsa ɗaya ya share ta tas.

Mai aski ya iso shagon Angama da almakashi a hannu.

"Ina ƙusoshina?"

"Suna cikin niyya."

"Mutumin nan gira ɗaya ya tafi da ita gida. Matarsa ta ƙi buɗe masa ƙofa."

"Jarrabawa ce. Ya yi haƙuri, shi ma ya samu lada ta dalilina. Kai ba ka ga yadda abin ke yaɗuwa ba?"

"Ina gani. Zauna in yi maka niyyar aski."

Angama ya riƙe hularsa da hannu biyu har mai askin ya fita.

Daga nan abin ya zama annoba. Ya cire sakatar ƙofar wata tsohuwa, awaki suka shiga suka cinye mata shanya. Ya zare matakala ta uku daga tsanin mai gyaran lantarki. Mata suka koma idan sun hango fensirinsa daga nesa sai su kwashe kujeru su shige ciki. Mai gyaran takalma da ke zama a bakin masallaci, mutum ne da ba ya haɗa kalma biyar a wuni. Ya dai samu igiya ya ɗaure ɗan bencinsa a ƙugunsa, ko alwala zai je da shi yake tafiya.

A kusurwar shagon Angama kuwa tsibi yana ta tashi: ƙafafu, sakatu, matakalu, marikin aljihun tebur. Kullum da yamma sai ya tsaya ya kalli tsibin yana murmushi, yana jin kansa kamar manomin da rumbunsa ya cika.

Ran Litinin Inna ta sa aka kira shi. Tana zaune a kan bokitin, an ɗora masa wani ɗan matashi na fata.

"Wa ya kawo wannan?" ya tambaya.

"Mai gyaran takalma ya aiko," in ji matarsa daga bakin ƙofa. "Ya ji labari a wurina. Bai yi shela ba, shi ya sa ba ka sani ba."

"Wa ya sani ko ya yi niyya? Ɗinki ba niyya wahala ce kawai."

Inna ta ɗaga hannu, ya yi shiru. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta saba ba.

"Ka ga, ɗan nan, bakin bokitin nan ya zana mini zobe a jiki. Ina salla hankalina yana kan kada in faɗi. Kujerar nan babanka ya yi mini ita, ban taɓa roƙonka sabuwa ba. Ranar Juma'a ƙanwarka za ta zo gaishe ni. In ta tarar da ni a kan kujerata, ta gaishe ni ta koma. In ta tarar da ni a kan bokiti, tare za mu tafi."

Ya hango teburin mai shayi, ya hango kansa a zaune ana tambayarsa ina albarkar take kwana yanzu. A ƙarƙashin wannan kuma akwai wani tsoro da bai saba da shi ba, na ɗakin nan ya zama babu kowa.

"Inna, an gama."

"Kalmar nan," in ji matarsa, "da ana dafa ta, da mun yi ƙiba."

Talata ya yi niyyar fara neman ƙafar kujerar a cikin tsibin. Laraba ya sabunta niyyar, don kada ta yi sanyi. Alhamis da yamma ya tashi da gaske, ya naɗe hannun riga, ya tono ƙafar, ya auna ta, har ya ɗauko katakon da zai yanka. Sai ladan ya kira la'asar. Ya ajiye zarto, ya mayar da ƙafar cikin tsibin, ya tafi alwala, kuma a nan ne Shaiɗan ya ɗaga masa kai sama.

Tankin ruwan alwala na masallacin babban baƙin tanki ne na roba, yana zaune a kan gadon katako mai ƙafa huɗu wanda ya fi mutum tsawo. A gefe biyu an gicciya katakai sun tokare ƙafafun. Angama ya lura ɗaya daga cikinsu gara ta ɗan taɓa shi. Ya tsaya da buta a hannu yana tunani. Kujerar Inna mutum ɗaya take ɗauka. Tankin nan kuwa duk unguwa ke alwala da shi, sau biyar a rana, ga Juma'a da mutane ke zuwa daga nesa. Wane irin lada ne wannan ke zaune a sama babu wanda ya yi niyyarsa?

Bayan salla ya jira aka watse, ya dawo da guduma. Ya zare mai garar. Ya ga ɗayan ya zauna shi kaɗai babu kyan gani, ya zare shi ma. Ya zagaya ɗaya gefen ya kwashe biyun, don samfur ya cika. Ya girgiza gadon da hannu, ya ga ko motsi bai yi ba, ya ce a ransa dama ado ne kawai. Abin da bai duba ba shi ne, kwana biyu ba a kawo ruwa ba, tankin fanko ne, ko yaro zai iya ɗaga shi.

Mai gyaran takalma yana kallo daga bencinsa.

"Mayar," ya ce.

"Kai dai ka ji da takalma. Gobe kafin hantsi an gama."

Mai gyaran takalma ya tattara kayansa ya nufi gidan Liman, aka ce masa ya tafi gaisuwar rasuwa, sai gobe zai dawo. Washegari shi ma ya makara, don nesa yake kwana.

Juma'a da hantsi famfo ya kawo ruwa, ladan ya kunna injin ya cika tankin har baki. Angama kuwa bai taɓa zarto ba. Ya ɓata safiyar wajen guge babbar rigarsa, domin ya yanke shawarar cewa irin wannan niyya ba a ɓoye ta, ta cancanci taro. Kujerar Inna, ya ce, daga saukowa masallaci zai haɗa ta, aikin minti goma ne, ƙanwarsa kuma ba ta taɓa zuwa da wuri ba.

Jama'a sun fara taruwa wurin alwala, an jeru a bakin famfuna, sai ga shi ya ratso ya tsaya a gindin tankin, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, ku ɗaga kai ku gani. Duk wanda ya yi alwala a nan daga yau, ina da kaso a ciki. Ba fahariya ba ce, don ku yi koyi nake faɗa."

"Me ka cire kuma?" in ji mai shayi, yana ja da baya.

"Abin da ba shi da amfani. Ni da na gaji sana'ar nan, katako magana yake yi da ni."

Katakon kuwa ya yi magana, wani ɗan kuka siriri. Mai gyaran takalma ya iso da gudu, benci yana dukan ƙugunsa, yana ture mutane gefe. "Ku matsa," yake cewa, "ku matsa." Suka watse, wasu da sabulu a hannu, wasu da ƙafa ɗaya a wanke.

"Tsoro ne ya yi muku yawa," in ji Angama. "Ku duba nan." Ya ɗaga hannu ya ɗaɗa wa ƙafar gadon duka, irin wanda ake yi wa abin da aka yarda da shi.

Ƙafafun huɗu suka karkata gefe guda tare, a natse, kamar sun yi shawara. Tankin ya sunkuyo, murfinsa ya yi tsalle, ruwan unguwa gaba ɗaya ya sauka a kan Angama. Ya ɗauke shi da babbar rigarsa ya bi da shi ta kan takalman masallata, ya ratsa ƙofa, ya ajiye shi a cikin kwata a bakin titi. Tankin ya mirgino a bayansa ya tsaya a gefensa. Takalma kusan ɗari suka wuce su suna iyo.

Babu wanda ya ji rauni, shi ya sa aka samu damar dariya. Liman ya iso daidai lokacin, ya tsaya a bakin kwatar yana kallon mutumin da ke ƙoƙarin ciro kansa daga cikin riga.

"Allah gafarta Malam," in ji Angama, yana tofar da ruwa, "kai ka ce in mutum ya fara, wani abu ya sha gabansa..."

"Me ya sha gabanka?"

Angama ya sunkuya yana matse ruwa daga rigarsa.

"Ba ciwo, ba tafiya, ba rashin katako," in ji Liman. "Wanda ya yi nufin gamawa aka hana shi, shi ake rubuta wa. Kai ranar da ka zare ƙusar farko ka san ba za ka mayar ba. Kuma wanda ake yi dominsa ba ya buƙatar shela, yana ji tun daga zuciya. Ka tashi, ka hana mutane wucewa."

A ranar nan, da butoci da bokitan maƙwabta aka yi alwala, har da ruwan da mai shayi ya tanada don yamma. Da yawa sun koma gida da takalmi wari da wari. Amma ba su koma kai tsaye ba. Ana sallamewa jama'a suka ɗunguma shagon Angama, shi yana biye yana ɗiga. Aka baje tsibin a bakin titi. Mai aski ya tsinci ƙusoshinsa, tsohuwa ta rungume sakatarta, mai lantarki ya ɗauki matakalarsa yana ɗingishi, direba mai gira ɗaya bai da komai a ciki, kallo kawai ya zo. Kowa ya ɗauki nasa, tsibin ya ƙare, ya rage abu ɗaya a ƙasa: wata 'yar ƙafar kujera, baƙa, ta sha hannu har tana sheƙi.

Motar haya ta tsaya a bakin shagon. Ƙanwarsa ce a gaba, da ƙunshin kaya a cinya. Inna tana baya, kujera mai ƙafa uku a gefenta. Inna ta sauke gilashi.

"Miƙo mini ƙafar kujerata."

Ya ɗauko ta, ya durƙusa a jikin motar. Duk kurin ya zube tare da ruwan, abin da ya rage tsoro ne da kunya.

"Inna, ki ba ni minti goma. Wallahi na yi niyya."

"Na sani, ai duk unguwa ta ji." Ta karɓi ƙafar ta ɗora a cinya. "Shekara biyu na shayar da kai, ban tara kowa na faɗa masa ba. Da niyya na ba ka a maimakon nono, da yau mutanen nan suna da ruwan alwala."

Babu wanda ya yi dariya a wannan karon. Ta dube shi, ta dubi kujerar. Sannan ta buɗe ƙofa ta turo kujerar waje, ta jefa ƙafar a kanta.

"Aikin babanka ne, ba zan kai wa bare ba. Ka san gidan ƙanwarka. Kada in ji labarin kujerar nan kafin in gan ta."

Motar ta tashi. Angama ya bi ta da ido har ta sha kwana, sannan ya ɗauki kujerar ya kifar a kan tebur, ya jawo guduma. Ya waiwaya ya ga har yanzu jama'a suna tsaye, sai tsohon hali ya motsa. Ya cika ƙirji da iska, ya ɗaga yatsa.

"Jama'a, ku shaida..."

Mai gyaran takalma ya matso, ya ɗebi ƙusoshi shida daga gwangwani, ya jera masa su a tsakanin leɓɓa, yadda kafintoci ke riƙewa idan suna aiki da gaske.

"Riƙe," ya ce.

Da ƙusa a baki ba a magana. Har aka kira la'asar, ƙarar guduma kaɗai ake ji daga shagon.